Birki Ya Ɗauko Tsohuwar Onarabul

Tun kafin rana ta gama fitowa gidan Hedimasta ya koma tasha. Wannan ya shigo da kwalin ruwa, wancan ya fita da kujeru a ka, matan unguwa sun cika tsakar gida da shuɗɗan zannuwan kamfe masu hoton mai gidan, kowacce tana magana, babu mai sauraren wata. Yau ce ranar zaɓe. Yau za a san ko tsohon shugaban firamaren zai shiga majalisar jiha, ko kuwa Onarabul mai ci zai koma kujerarsa.

Auta, ƙaramar 'yar Hedimasta, tana gaban madubi, ta ɗaura ɗankwali ta kwance, ta sake ɗaurawa. Kowa a gidan zaɓe ɗaya yake jira, ita kuwa biyu ne a gabanta, kuma na biyun ne ya hana ta barci.

Ba yarinya ba ce. Nas ce a ƙaramin asibitin bayan kasuwa, ta san abin da take so, kuma abin da take so wani direban bas ne da duk gari ke kira Birki. Halinsa ne ya ja masa sunan, don ba a ɗaga masa hannu ya wuce. Ko motar ta cika, ko mai ɗaga hannun gaisuwa kawai yake yi, sai ƙafarsa ta taka. Fasinjoji su yi ta tsaki, shi kuma ya yi ta ba da haƙuri yana dariya.

Wannan halin ne ya sace zuciyar Auta, kuma shi ne ya sa Hedimasta ya ƙi shi.

"Ba don direba ba ne," haka ya sha gaya mata. "Yaron nan bai san nasa ba, bai san na wani ba. Kowa ya kira shi sai ya amsa. Ranar da kike buƙatarsa, yana can yana yi wa wani hidima. Ni ba zan ba mutumin kowa 'yata ba."

A gefe guda kuma ga Darakta, shugaban kamfen ɗin Hedimasta, mai gidan bulo da tifofi, wanda ƙamshin turarensa ke riga shi shiga ɗaki. Shi ya buga fastoci, shi ya zuba wakilai a rumfunan zaɓe, kuma bai taɓa ɓoye cewa idonsa yana kan Auta ba. Gwaggo, yayar Hedimasta, tuni ta ɗaura auren a zuciyarta, har ta zaɓi kalar labule.

Jiya da yamma Auta ta durƙusa gaban mahaifinta, ta yi kuka har muryarta ta dishe.

"Baba, ban taɓa yi maka musu ba. Ka ce in karanta aikin jinya, na karanta. Ka ce kada in karɓi aiki nesa da gida, ban karɓa ba. Wannan ɗaya dai nake roƙo. Don Allah ka gwada shi, Baba, ko sau ɗaya ne."

Hedimasta ya daɗe yana goge gilashinsa da bakin riga. Can ya ce, "To, na ji. Gobe na ba shi layin kan tudu, ya yi mini jigilar mutanena zuwa rumfa. Mutanena na ce, ba na wani ba. In ya iya riƙe ƙafarsa yini guda saboda ke, ya zo mu yi magana bayan zaɓe."

Layin kan tudu ba ƙaramin aiki ba ne. Unguwar tana can sama, rumfar zaɓenta tana ƙasa a wata makaranta, kuma yawancin masu katin zaɓe a can tsofaffi ne da gwiwa ba ta kai su ko'ina. Wanda ya fi sauko da nasa, shi ke cin akwatin. Shi ya sa kowane ɓangare yake da motarsa, da wata mai ido a kujerar gaba tana tantancewa: wannan namu ne a tsaya, wancan nasu ne a wuce. Gwaggo aka naɗa a wannan kujerar. Auta kuma aka ce ta bi su da abin awon jini da ruwa, saboda tsofaffi.

Hon ya yi ƙara a ƙofar gida. Auta ta suri jakarta, ta fita da ɗankwalin a karkace.

Birki ya wanke motar har tayoyinta suna sheƙi, ya manna hoton Hedimasta gaba da baya, ya sa fararen kaya sun sha guga. Da ya hango ta sai ya rasa inda zai sa hannunsa, ya kama shafa madubin da ya riga ya goge.

"Ranki ya daɗe, likita," ya ce ƙasa-ƙasa. "Yau ko mahaifiyar gwamna ce ta ɗaga hannu, wallahi ban gan ta ba."

"Allah ya sa," ta ce tana danne dariya. "Ka rufa mini asiri, Birki. Yau kaɗai."

"Yau kaɗai. Gobe ma rama."

"Kai!" Gwaggo ce ta fito tana gyara mayafi. "Hira aka kawo ka yi ko tuƙi? Buɗe mini ƙofa. Kuma ka saurare ni da kyau, yau ƙafar nan taka ta dama tawa ce. Sai na ce tsaya za ka tsaya."

"An gama, Gwaggo."

"Ni ba gwaggonka ba ce tukuna."

Suka kama hanya. Gari kuwa ya fito, ba a taɓa ganin irin wannan fitowa ba. Tela ya rufe shago, mai aski ya rufe, mai faci ya bar tayoyinsa a bakin titi ya shiga layi. Duk rumfar da suka wuce layi ya zagayo har bayan katanga, mata da goyo, samari da lema, tsofaffi sun zo da kujerunsu daga gida. Ana ganin motar sai ihu ya tashi.

"Sai Hedimasta! Sai Malam!"

Rabin masu ihun ya taɓa zane su a aji, amma yau duk sun yafe. Auta ta leƙa ta taga tana ɗaga musu hannu, farin ciki ya cika ta har tana jin kamar ta sauka ta yi gudu. Watanni ke nan mahaifinta yana bin gida-gida a ƙafa, ya zauna a zaure, ya zauna a rumfar mai shayi, yana sauraren kukan famfo da na magudanar ruwa. Ga shi yau ƙafar ta biya.

A kan tudu Gwaggo ta fara aikinta, kuma a gaskiya ta iya.

"Tsaya, wannan tamu ce, jikanta ɗalibinsa ne. Wuce, wuce! Waccan mijinta a gidan Onarabul yake gadi. Wannan tsohon ka tsaya masa, baki gare shi amma namu ne."

Duk lokacin da ta ce wuce, Auta tana ganin yadda wuyan Birki ke sandarewa. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya kafe idonsa a kan kwalta, gumi yana bin bayan kunnensa. Wani dattijo mai hular Onarabul ya ɗaga masa sanda har da kiran sunansa, ya wuce shi, sannan ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ya ɗago ido ya dubi Auta ta madubi. Ta yi masa murmushin da ta san zai riƙe shi sawu guda.

Haka suka yi ta hawa da sauka. Motar ta cika da guɗa da tafi, tsofaffi suna tsokanar juna, wata tana neman katinta a ƙullin zani alhali yana hannunta. Auta ta auna wannan, ta shayar da waccan, tana lissafin lokaci a ranta. Saura sawu ɗaya a rufe layi, saura sawu ɗaya ta zama matar Birki.

Sawun ƙarshe bai samu mutane sosai ba, don nasu duk sun sauka. Suna gangarowa da kujeru fiye da rabi babu kowa, suka sha kwanar da ke gaban tankin ruwa, sai ga motar Onarabul a gefen titi, an ɗaga bonet, hayaƙi yana tashi. Direbanta ya shige ƙarƙashi, ƙafafunsa kawai ake gani. A gefe kuma tsofaffi ne birjik cikin zannuwan kamfen Onarabul masu ruwan ɗorawa, a tsakiyar rana, wasu a zaune a kan duwatsu, wasu sun kare fuska da katin zaɓe.

Wata 'yar tsohuwa mai sanda ta tako bakin kwalta, ta ɗaga hannu.

Ƙiiii! Motar ta tsaya cak, saura kaɗan goshin Gwaggo ya gaisa da gilashi.

"Na shiga uku! Wa ya ce ka tsaya?"

Birki ya dubi ƙafarsa kamar ta wani ce. "Gwaggo, wallahi ban san lokacin da ta taka ba."

"To ɗage ta! Ka san ko wace ce wannan? Mahaifiyar Onarabul ce, ita ta haife shi! Ta ƙi zama a gidansa, ta ƙi shiga motarsa, wai ita sai cikin maƙwabtanta. To ga maƙwabtan nan, su goya ta. Ja mu tafi!"

Auta ta duba agogo, ta duba tsofaffin. In suka taka da ƙafa, kafin su kai rabin gangaren an rufe layi, kuma ita da ta san aikinta ta ga yadda leɓen tsohuwar ya bushe, ta ga yadda sandar ke rawa a hannunta.

Birki ya juyo gaba ɗaya, bai bi ta madubi ba.

"Auta," ya ce, "na yi miki alkawari. In kin ce in wuce, zan wuce, wallahi zan wuce. Amma ban san da wane ido zan sake bin hanyar nan ba."

"Ke, kada ki soma!" Gwaggo ta nuna ta da yatsa. "Ƙuri'ar ubanki ce za ki zubar a titi. Kuma kin san sharaɗin da ya kafa."

Ta sani, babu wanda ya fi ta sani. Idanunta suka kawo ruwa. Kalma ɗaya ce tsakaninta da abin da ta daɗe tana roƙon Allah, ta buɗe baki ta faɗe ta, kalmar ta ƙi fitowa. In ya wuce, ta samu miji, amma ba wanda ta so ba.

Ta miƙe ta ja ƙofar motar.

"Iya, kawo hannunki. A hankali, ga matakala."

Gwaggo ta rafka salati, ta ɗora hannu biyu a ka.

Kafin ka ce me, motar ta cika maƙil, shuɗi da ɗorawa sun cakuɗe. Da fari kowa ya yi ta hararar zanin kowa. Auta ta ba tsohuwar ruwa, ta ɗaura mata abin awo a damtse. Da ruwan ya sauka, sai bakin tsohuwa ya dawo.

"Kai direba, in gaya maka tun yanzu, kada ka ce na cuce ka. Ni fa ɗana zan zaɓa."

"Iya, ki zaɓi wanda ranki yake so. Ni dai kai ki zan yi."

"Ɗan naki da bai gyara mana famfo ba?" wata mai shuɗin zani ta cafe daga baya.

"Naku Hedimastan ya gyara allon makarantarsa tukuna!"

Mota ta kaure da dariya da shewa, har da masu dukan kujera. Gwaggo kaɗai ta juya fuska waje tana ƙunƙuni. Birki ya taka mota yadda bai taɓa takawa ba, suka iso makarantar daidai jami'in zaɓe yana takowa ya tsaya bayan mutum na ƙarshe.

"Ku jira! Ga wasu nan!" 'yan layi suka ɗauka da ihu.

Ƙofa ta buɗe, motar da ke ɗauke da fuskar Hedimasta gaba da baya ta fara zazzage masu ɗorawar zani ɗaya bayan ɗaya. Wuri ya rikice da tafi da fito, wayoyi suka tashi sama ana ɗauka. Auta ta riƙo tsohuwar har cikin layi, tana jin idon kowa a bayanta.

Da la'asar falon Hedimasta ya cika har ƙofa. An fara ƙirga a rumfuna, waya tana ta ƙara, shi kuma yana tsaye a tsakiya, hula ta koma ƙeya, yana maimaita abin da wakilai ke faɗa masa.

"Akwatin kasuwa namu ne!"

Guɗa ta tashi daga tsakar gida.

"Na tasha ma namu ne! Na bayan asibiti mun raba, amma muna gaba!"

Umma, mahaifiyar Auta, tana rabon ruwa tana share hawayen murna da gefen mayafi. Auta ta rakuɓe a bakin labule, tana so ta yi murna, zuciyarta ta ƙi sakewa. Gwaggo ta shige ɗaki tun da suka dawo, ta ce kanta ke ciwo.

Ƙamshin turare ne ya fara shigowa, sannan Darakta. Bai zauna ba, ya miƙa wa Hedimasta wayarsa.

"Ranka ya daɗe, ga aikin direban da ka ba amana. Sakamakon kan tudu kuma ya fito. Onarabul ya cinye akwatin, da tazarar da ba ta fi cikin mota guda ba."

Hedimasta ya sa gilashi, ya kalli bidiyon har ƙarshe, ya sake kallo. Fuskarsa ta koma irin wadda tsofaffin ɗalibansa ba su manta ba.

"A kira mini shi."

Birki ya shigo, ya cire takalmi, ya durƙusa. Fararen kayan nan duk sun yi jirwaye da gumi.

"Me na ce maka?"

"Ka ce mutanenka kawai, Baba."

"Waɗannan mutanena ne?"

"A'a."

"Ka san mahaifiyar abokin takarata ce?"

"Da na taka birki ban sani ba. Da na ɗauke ta na sani."

"In gobe aka sake, fa?"

Auta ta runtse ido tana roƙon Allah ya sa ya yi shiru, ko ya ce a yi haƙuri, ko ma ya yi ƙarya sau ɗaya a rayuwarsa.

"Baba, ba zan yaudare ka ba," Birki ya ce, kansa a ƙasa. "In na gan su a ranar nan, zan tsaya."

Darakta ya yi 'yar dariya, ya buɗe hannuwa yana duban jama'a.

"To ka tashi ka tafi," in ji Hedimasta. "Na gode da gaskiyarka. Amma ƙafarka kada ta sake taka ƙofar gidan nan da maganar 'yata."

Auta ba ta san lokacin da ta yaye labule ta zube a gabansa ba.

"Baba, ni ce! Wallahi ni ce na buɗe ƙofar. Ya tambaye ni, ya ce in na ce ya wuce zai wuce. Ni na kama hannunta na hau da ita."

"Tashi ki shiga ciki."

"Ba zan iya tashi ba, Baba." Hawaye ya wanke mata fuska. "Tsohuwar nan da ta ƙara jimawa a ranar, faɗuwa za ta yi. Na auna ta, na gani. Kai ka tura ni karatun nan. In laifi ne, laifina ya fi nasa, ka haɗa mu ka kora."

"A gaban mutane kike mayar mini da magana?"

"Ba mayarwa nake yi ba, roƙo nake yi. Ina son ka ci zaɓen nan fiye da kowa, na bi ka gida-gida, ƙafata ta kumbura. Amma shi nake so, Baba. Ban taɓa faɗa a gabanka da bakina ba, yau na faɗa. Shi nake so."

Umma ta toshe baki da mayafi. Gwaggo ta leƙo daga ɗaki, ciwon kan ya warke.

"Kun ji ko? Kun ji rashin kunya? Ga mutum ya tsaya wa gidan nan da jikinsa da motocinsa, ita kuma ta nace wa wanda ya kai ƙuri'armu gidan maƙiyi!"

"Salamu alaikum. Masu gida suna ciki?"

Muryar siririya ce, amma ta ratsa falon. Jama'a suka dare, sai ga tsohuwar nan da sandarta, da ɗorawar zaninta mai hoton Onarabul, yatsanta da tawadar zaɓe. Ita kaɗai ta zo, ɗan acaɓan da ya kawo ta yana leƙe daga waje.

Hedimasta ya miƙe tsaye, don ko ba komai a shekaru ta haife shi. "Iya, ke ce da kanki? Lafiya?"

"Lafiya lau. Kada ka ɗauka murna na zo taya ka, ban zaɓe ka ba. Ɗana na zaɓa, ko gobe aka sake shi zan zaɓa." Ta nemi hannun kujera ta dafa. "Labari ya iso mini cewa za a hana yaron nan mata saboda ni. Na tambaya wa zai je ya yi masa magana, aka ce ba shi da uwa ba shi da uba, a tasha ya tashi. Na ce to yau ya yi uwa. Na zo nema wa ɗana auren 'yarka."

Birki ya ɗago kai da sauri, bakinsa a buɗe.

"Iya," Hedimasta ya ce a hankali, "yaron nan ya saɓa mini. Akwati guda na rasa saboda shi."

"Na sani, har da ƙuri'ata a ciki." Ta dube shi sama da ƙasa. "Hedimasta, furfurar nan taka ba ta fenti ba ce. Kujerar majalisa ana hawa ana sauka, na ga nawa ya hau, zan ga ya sauka. Amma wata rana kai ne a bakin titi da sanda, rana tana dukanka, babu mai ihun sunanka. Ranar nan wane irin suruki kake so ya biyo ta hanyar?"

Hedimasta ya cire gilashinsa, ya riƙe a hannu, bai goge ba.

Darakta ya ga abin yana neman kuɓuce masa, ya matso.

"Ranka ya daɗe, bari in yi magana a fili. Yanzu haka ana kai akwatuna wurin tattara sakamako. Duk wakilan da ke tsare maka ƙuri'a a can yarana ne, motocin da ke bin akwatunan nawa ne. In ka ba matar nan wurin zama, waya ɗaya zan buga su watse. Kai ma ka san abin da ke samun ƙuri'ar da ba ta da mai tsaro."

"Me kake nufi?"

"Nufina a fili yake. Ban yi wannan wahalar don in ga an miƙa wa direba Auta ba."

Hedimasta ya ƙura masa ido.

"Ashe ba ni kake yi wa kamfe ba," ya ce. "Ni ina can ina neman kujera, kai kana nan kana cinikin 'yata."

"Ka kira shi duk abin da kake so. Ina jiran amsa."

Darakta ya ɗaga wayarsa, yatsansa a kan maɓalli. Gwaggo ta fara tafa hannu tana cewa a yi wa Allah a yi haƙuri, a bari a gama ƙirga tukuna. Auta ta dubi mahaifinta, ta san abin da kujerar nan take a wurinsa, ta san gidajen da ya shiga da alkawuran da ya ɗauka. Tausayinsa ya kama ta har ta ji kamar ta ce ta haƙura.

Hedimasta ya mayar da gilashinsa, ya gyara zaman hularsa.

"Umman yara, kawo wa Iya kujera mai laushi, a ba ta ruwa. Baƙuwata ce." Ya juya ga Darakta. "Buga wayarka."

Darakta ya kaɗa babbar riga ya fita, ana jin muryarsa a waje yana ba yaransa umarni su bar wurin.

Falon ya rikice. Wannan yana cewa an gama da mu, wancan yana cewa wallahi da ƙafa ma sai mun je. Hedimasta ya ɗaga hannu, aka yi shiru kamar a aji.

"Ƙuri'ar mutane ce, ni zan je in tsare ta da kaina. Wanda zai iya ya biyo ni." Ya dubi Birki da har yanzu yake durƙushe. "Kai, motarka da mai?"

"Da... da mai, Baba."

"To me kake jira?"

Birki ya tashi da gudu har ya manta takalminsa, Auta ta kwashe su ta bi bayansa tana kuka tana dariya. Tela da mai aski da mai faci suka rufa musu baya, matan shuɗin zani suka ɗaura ɗamara suna guɗa, kowa yana rige-rigen kujera.

A bakin ƙofa wani dattijo daga cikin 'yan kwamitin kamfe ya tare Hedimasta, hankalinsa a tashe.

"Malam, Darakta ya janye motarsa. Bari in nemo maka wata ta mutunci. Ɗan takara guda, wa zai kai ka a wannan?"

Hedimasta ya kama ƙofar gaba, ya ɗaga ƙafa ya hau, ya zauna daram. Ya leƙo ta taga, ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Surukina zai kai ni."